Hanci da Maƙwabtansa: Sake Gina Hanci da Fatar Fuska



Bahaushe ya ce abin da ya taɓa hanci, ido ke ruwa. A ɗakin tiyata maganar ta wuce nan, domin idan hanci ya lalace, maƙwabtansa, wato goshi da kunci, su ne ke ba da fatar da za a gyara shi da ita. Wannan taimakon maƙwabtaka shi ne batun laccarmu ta yau.

Aikin ya daɗe. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, wani masanin fiɗa a Indiya mai suna Sushruta ya bayyana yadda ake yanko fatar kunci a rufe hancin da aka guntule, a zamanin da yanke hanci hukunci ne. A 1597 Gasfare Taliyakozi na birnin Bolonya a Italiya ya wallafa tasa hanyar: fatar damtse, a ɗaure hannun mutum a kansa har fatar ta kama. Sai a 1794 wata mujalla a Landan ta buga labarin wani mai koran shanun keken sojan Ingila a Indiya, wanda aka yanke wa hanci, aka yi masa sabo da fatar goshi. Likita Josef Karfu ya gwada wannan hanya a Landan a 1814, ta yi kyau. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo dubban fuskokin da harsashi ya ɓata, inda likita Harold Gilis ya inganta aikin.

Fata iri biyu muke aiki da ita. Akwai dashe: a ɓanɓaro fata daga wani wuri, a raba ta da jininta gaba ɗaya, a shimfiɗa a kan rauni, ta jira abin da sabon wurin zai ba ta. Akwai kuma wadda nake kira fata mai cibiya: a yanka gefe uku, a bar gefe ɗaya manne da jijiyar jininta, a juyo ta kan raunin kamar jaririn da ba a yanke wa cibi ba. Ita ce ta fi dacewa da hanci. Fatar cinya ko ta ciki ba ta da launin fuska, ba ta da kaurinta, kuma idan ta warke takan tsuke, ta yi duhu, ta zauna kamar faci a tsakiyar riga. Zanen aro ba ya rufe katara. Fatar goshi kuwa rana ɗaya ta dafa su da ta hanci, kusan launi ɗaya, kusan kauri ɗaya.

Idan raunin ƙarami ne, bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, akan juyo fata mai kunne biyu daga jikin hancin kansa. Idan a gefen ƙofar hanci ne, sai a ɗauko daga kunci, a ɓoye tabon a cikin layin da ya sauko daga hanci zuwa gefen baki. Babban rauni kuwa goshi ke ɗaukarsa. Wata jijiyar jini tana fitowa daga kusurwar ido ta wajen karan hanci, ta hau goshi. A kanta ake zana fatar, a ɗaga ta, a juyo ta ƙasa a ɗinke. Cibiyar takan zauna kamar mako uku kafin a koma a raba ta.

Makonni ukun nan su ne jarrabawar. Mutum zai koma gida da igiyar nama daga gira zuwa hanci, 'yan uwa su gani su firgita, wani ya ce likita ya ɓata shi. Saboda haka ɗalibaina, ku zauna da majiyyaci da danginsa kafin a taɓa wuƙa, ku nuna musu hoton yadda zai kasance. Ku kuma gaya wa mai shan taba ya ajiye ta, domin tana tsuke ƙananan jijiyoyin da fatar ke rayuwa da su.

Kuskuren da na fi jin tsoro shi ne a manta cewa hanci hawa uku ne, kamar ɗakin kara: shimfiɗar ciki, da guringuntsin da ke riƙe da shi, da fatar waje. Wanda ya yi jinka bai kafa tanka ba, ɗaki zai rufta. Dole a gyara shimfiɗar ciki, a ɗauko guringuntsi daga kunne ko haƙarƙari ko bangon da ya raba ƙofofin hanci, sannan a rufe. In ba haka ba, bayan watanni hancin zai lotsa, numfashi ya gagara. A 1985 likitoci biyu na Amurka, Barget da Menik, suka ƙara mana wata ƙa'ida: hanci sassa-sassa ne, idan fiye da rabin sashe ya tafi, a sauya sashen gaba ɗaya, don tabo ya faɗa inda ido ya saba ganin inuwa. Ni dai na gamsu da ita.

A ƙasarmu, masu zuwa da wannan buƙata su ne waɗanda suka yi haɗarin babur, da zabiya da rana ta jawo wa sankarar fata, da yaran da cutar noma ta ci wa fuska. Noma takan kama yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Daga dasashi take farawa, cikin kwanaki ta huda kunci ta kai hanci. Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato yana wannan aiki tun 1999, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Matsalar ita ce noma takan cinye maƙwabtan ma, har a rasa kuncin da za a ara, a koma neman fata daga nesa a yi tiyata sau da yawa.

Don haka iyayenmu, idan dasashin yaro ya fara jini da wari, kunci ya kumbura, a kai shi asibiti a ranar. A wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta, da tsabtace baki, da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Kada a jira sai ta huda.