Kada A Sayar Da Sa Don Aikin Da Ba A Gani Ba

'Yan uwana makiyaya da fataken shanu na Sokodé da Dapaong.

A da, mai safarar yara da ƙafarsa yake zuwa ruga. Yanzu ta Facebook da WhatsApp yake shigowa. Sai ya ce wa yaro akwai aiki a Abijan, a turo kuɗin takardu. Uba ya sayar da sa, yaro ya tafi. A can sai a ƙwace masa katin shaida, a kulle shi, a tilasta masa ya yaudaro 'yan uwansa.

Tun 2005 Togo ta kafa dokar hana safarar yara. Kafin ku taɓa garke, ku sanar da arɗo da jandarma. In ƙaramin yaro ne, ku kira 1011, kyauta ne.

Allah ya tsare mana zuriya, amin.