Darasin Garin Hazleton: Jawabi a Taron Reshen Ƙungiyar Malamai



Yau za mu leƙa wani ƙaramin gari mai suna Hazleton a jihar Pensilbeniya ta Amurka, garin da aka san shi da haƙar kwal, mai mutane kusan 30,000. A ƙidayar shekarar 2000, masu asali daga Latin Amurka ba su wuce kashi 5 cikin 100 na mazaunansa ba. Zuwa ƙidayar 2020 sun haura kashi 60, da yawansu 'yan asalin Jamhuriyar Dominika, waɗanda aikin masana'antu da rumbunan ajiyar kaya da araha ta gidajen haya suka jawo.

A 2006, lokacin magajin gari Lou Barletta, majalisar garin ta kafa doka: tara ga duk wanda ya ba baƙo marar takardu hayar gida, da janye lasisin duk kamfanin da ya ɗauke shi aiki. A 2007 kotun tarayya ta soke dokar, domin sha'anin shige da fice hurumin gwamnatin tarayya ne. A 2014 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar da garin ya ɗaukaka. Dokar ba ta taɓa aiki ba, kuma ba ta hana jama'a zuwa ba.

Abin da ya fi shafarmu shi ne makaranta. 'Ya'yan waɗannan iyalai sun zama mafi rinjaye a azuzuwa, amma a 2024 wasu iyaye mata biyu suka kai ƙara kotu, saboda ba a taɓa zaɓen ko mutum ɗaya daga al'ummarsu cikin hukumar makarantun yankin ba. Sun ɗora laifin a kan tsarin zaɓe: ana zaɓen kujeru tara daga yankin gaba ɗaya, ba unguwa-unguwa ba, don haka ƙuri'un cikin gari kan narke cikin na kewaye. Ga kuma waɗanda ba su kai shekarun zaɓe ba, da waɗanda ba su zama 'yan ƙasa ba tukuna.

Mu malamai mun san cewa rajistar aji takan riga akwatin zaɓe ganin sauyin gari. Yaron da muka rubuta sunansa bana, iyayensa na iya rasa bakin magana a inda ake yanke shawarar makarantarsa. Tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta hana a rufe wa yaro ƙofar makarantar gwamnati saboda rashin takardu. Amma shiga aji daban, samun mai magana da yawunka daban.

Saboda haka muna roƙon reshenmu ya duba kwamitocin iyaye da malamai na makarantunmu. Shin iyayen da suka zo daga wasu garuruwa suna da kujera a ciki? Idan babu, mu gayyato su kafin taro na gaba.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar yaran da aka damƙa mana.