Karen Garke da Na Gadi a Duwala: Abin da Ke Ɓata Masa Ciki

Gaisuwa ga makiyaya da ke dazukan Adamawa, da fatake masu lodin shanu daga Ngaundare, da 'yan'uwanmu na New Bell da Kasuwar Kwango a birnin Duwala. Yau maganarmu kan kare ce. Na san wani zai ce, duk dabbobin duniya sai kare? To, ka yi haƙuri ka saurara. Shari'a ta yarje mana riƙon kare don kiwo da gadin gona da farauta, kuma duk dabbar da ka ɗaure a ƙofarka cinta da shanta suna wuyanka. Ban da haka, abin da ya shiga cikin karenka yakan dawo kan tumakinka, wani lokaci har kan 'ya'yanka.

Bari mu fara da hanya. Kare ya tashi a ruga, abincinsa tuwon masara ko na dawa, da ɗan tsamin nono. Maigidansa ya biyo shanu, ko a tirela ko a jirgin ƙasan Camrail, tafiyar kusan kilomita 900 daga Ngaundare zuwa Duwala. Ana sauka New Bell, unguwar da ta zama masaukin baƙi tun zamanin Jamusawa, sai abinci ya sake gaba ɗaya: ragowar shinkafa mai manja, kan kifi, guntun miyondo, miyar da ta kwana. Kwana biyu sai ga zawo. Mutane su ce iskar teku ce ba ta karɓe shi ba. Yawanci dai canjin abinci ne da aka yi masa farat ɗaya. Hanjin kare yana bukatar kamar mako guda kafin ya saba da sabon abu. Saboda haka ka taho da garin da ya saba ci, ka riƙa haɗa masa da sabon, kullum kana ƙara kaɗan, har kwana 7.

Shi kansa garin, a lura da ajiyarsa. Duwala ba Marwa ba ce. Ruwan da ke sauka nan a shekara ya haura milimita 3,000, kuma a Yuli da Agusta ko tufafi ba sa bushewa. Masara da gyaɗa da ƙuli-ƙuli suna saurin yin fumfuna, fumfunar nan kuwa tana fitar da dafi mai lalata hanta, wanda dafuwa ba ta kashe shi. Buhun da ya yi baƙi-baƙi yana warin ruma, kada ka ce bari a dama wa kare don kada a yi asara. Zai daina ci, idonsa ya yi rawaya, daga nan sai yadda hali ya yi.

Sai 'yan'uwana mahauta masu tukuba, masu abin da mutanen nan ke kira soya. In dare ya yi an tashi, akan share tebur a watsa wa kare: kitse, albasa, yaji, ƙasusuwa. Cikin huɗun nan babu na alheri. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa ƙwayoyin jinin kare, kuma ba ranar ake gani ba. Sai bayan 'yan kwanaki ka ga ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi. Kitse mai yawa a zama ɗaya yana kumbura wata gaɓa da ke kusa da tumbi, wadda ke taimakon narkar da abinci. Kare ya yi ta amai, ya takure, ko taɓa cikinsa ba ya so a yi. Ƙashin da ya sha wuta kuma yakan tsattsage kamar allura, ya soki hanji ko ya toshe shi. Haka goro da cakulan: abin da ke wartsakar da kai a cikinsu, jikin kare ba ya iya fitar da shi da wuri, sai rawar jiki da bugun zuciya.

Kai kuma Bafulatani ɗan'uwana, ga taka. Kwikwiyo na shan nonon uwarsa lafiya lau, amma da ya girma ƙarfin narkar da zaƙin da ke cikin madara yana raguwa. Shi ya sa karnuka da yawa in sun sha madarar da aka tatso yanzu, sai ƙugin ciki da tusa da zawo. Kindirmo ya fi sauƙi, don tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na zaƙin, shi ma kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma karen da jikinsa ne ya ƙi wani abinci ɗungurungum, galibi naman sa, ko kaza, ko madara, ko alkama. Alamarsa ƙaiƙayi ba rani ba damina, lasar ƙafafu, ciwon kunne mai dawowa, da kashi mai laushi. Amma kafin ka ɗora wa abinci laifi, fara da ƙuma da kaska da tsutsar ciki, don su suka fi yawa a wuri mai danshi kamar nan. In an kore su abin bai tafi ba, likitocin dabbobi na da hanya ɗaya: a ba shi nau'in nama ɗaya da bai saba ci ba, da hatsi ɗaya, babu ƙari ko loma, har mako 8. In ya warware, a maido da tsohon abincin. In ƙaiƙayin ya dawo, an kama ɓarawo.

Yanzu ga inda ya fi shafar dukiya da iyali. Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san huhu ko hantar da ke da ƙulli mai ruwa a ciki kamar ƙwai. A mayankar SODEPA da ke Bonendale, ƙetaren kogin Wuri, akwai ma'aikatan duba nama da aikinsu ne su janye irin wannan. Amma ranar Babbar Salla, da ake yanka a kowane lungu na New Bell, wa ke dubawa? Maigida ya ƙyamaci huhun, ya jefa wa kare. A cikin ruwan ƙullin nan akwai 'ya'yan wata tsutsa. Tana girma a hanjin kare, tsawonta bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma shi karen ko alamar ciwo ba ya nunawa. Ƙwayayenta na fita da kashinsa, su zauna kan ciyawa da bakin ruwa, su manne a gashinsa. Tunkiya ta ci, saniya ta ci, ƙullin ya sake fitowa. Yaro ya shafa kare ya ci abinci bai wanke hannu ba, ƙullin ya yi shekaru yana girma a hantarsa ko huhunsa, ƙarshe sai an kai ga tiyata. Kan tunkiyar da ke ta kewaye wuri ɗaya kafin a yanka ta, shi ma haka yake; wata tsutsar ce a ƙwaƙwalwarta, kuma ta hanyar kare take komawa garke.

Maganin wannan ba tsada. Kayan ciki mai ƙulli a ƙona shi ko a binne da zurfi. Mai kyau ma a tafasa shi sosai kafin a ba kare. Sannan a ba shi maganin tsutsa mai suna praziquantel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla sau 4 a shekara. Ma'aikatan dabbobi na MINEPIA za su faɗa maka adadin bisa nauyinsa.

To, in zawon ya riga ya kama shi fa? Babban kare da ke tafiya da ƙarfinsa, yana shan ruwa, a hutar da cikinsa rabin yini, ruwa mai tsabta na gabansa. Daga nan farar shinkafa mai laushi da ɗan dafaffen nama maras kitse, ba gishiri ba mai. Kwikwiyo kam ba a hana shi ci. Kada a ba shi parasitamol ko ibuprofen na mutane. Suna cin hanta da ƙoda da tumbi. In an kwana 2 babu sauƙi, ko ka ga jini, ko cikin ya kumbura kamar ganga yana yunƙurin amai ba ya fita, ko ka ja fatar wuyansa ta ƙi komawa, a nufi likitan dabbobi ranar. Kwikwiyon da ke amai da zawon jini mai ɗoyi, a yi zargin cutar farbo, wadda ke kashewa cikin 'yan kwanaki. A ware shi, a wanke wurin da ruwan Javel. Allurar rigakafinta ana fara ta tun yana mako 6 zuwa 8.

Abu na ƙarshe, ku riƙe shi da kyau. Kare na dalalar da miyau, ya kasa haɗiya, bakinsa a sake, sai a ce ƙashi ne ya maƙale masa, a zura hannu a ciro. Don Allah kada ku yi. Haka ciwon haukan kare ke zuwa wani lokaci, shiru, ba haushi ba cizo. A kulle shi, a kira ma'aikaci. Wanda ya ciza, ko miyaunsa ya taɓa masa rauni, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti ranar, kada ya jira alama, don in ta bayyana babu magani. Allurar karen kuwa kada a bari ta wuce lokacinta. Ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, ta zama abin tuni gare ku.

Nan za mu dakata. Wanda ya ji ya gaya wa wanda ke daji. Allah Ya tsare dukiya, Ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.