Daga Kwalejin Zuba Zuwa Jami'a

Ɗaliban da ke kammala sakandare a Yangoji, cikin ƙaramar hukumar Kwali da ke kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, sukan sa ido a kan Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, sai dai guraben karatu ba sa isar kowa, shi ya sa wasunsu ke bi ta Kwalejin Ilimi ta Zuba. A can ɗalibi yakan shafe shekara 3 kafin ya sami shaidar NCE, wato mafi ƙarancin takardar da dokar Nijeriya ta amince mutum ya koyar da ita, kuma a cikin shekarun ne ake tura shi gwajin koyarwa, inda zai tsaya gaban allo da alli a hannu, malaminsa na zaune a bayan aji yana auna shi.

Mai wannan shaida yana iya neman shiga jami'a kai-tsaye ta hannun hukumar JAMB, wanda ke nufin zai fara daga aji 2, tsarin da ya yi kama da na kwalejojin al'umma na Amurka, inda ake shekara 2 kafin a koma jami'a. Bambancin shi ne, a nan shekara 3 ta kwaleji galibi shekara 1 kacal take rage wa ɗalibi, kuma wannan ragi ya yi kaɗan ga ɗan manomi da ke biyan kuɗin makaranta da cinikin doya. Shirin share fagen shiga jami'a na IJMB, na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya fi sauri, amma ba ya bai wa mutum sana'a.