Hoton Gadon Baya da Maganin Ciwon Ƙugu

 

An nemi in yi bayani a kan ciwon ƙugu da hoton da ake ɗauka saboda shi. Ciwon ba baƙo ba ne a gidan kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da shi, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane neman abinci da walwala. Ni dai damuwata tana kan takardar da ake miƙo wa majiyyaci bayan hoton MRI. An rubuta ta da Turancin likitoci. Baba ya duba bai gane ba, ya miƙa wa ɗansa mai digiri, ɗan ya shiga intanet, kafin magariba gida ya ɗauka da cewa tsoho ya kusa shanyewa.

Ƙasusuwan ƙugu biyar ne, ana kiransu L1 zuwa L5, sai S1 a ƙarƙashinsu. Tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi, wajensa tauri, cikinsa taushi, aikinsa irin na gammo ne tsakanin kai da tulu. In kun ga an rubuta L4-L5 ko L5-S1, adireshi ne kawai ake ba ku. Nan nauyin jiki ya fi sauka, shi ya sa mafi yawan gocewar faifai a nan take faruwa. Sauran bayanin yakan ce faifan ya bushe, ko ya kumburo, ko ya tsage na cikinsa ya ɓullo, ko kuma hanyar da jijiya ke bi ta tsuke.

To, ku saurari wannan da kyau. A 2015 wasu masana suka tattara binciken hotunan mutum 3,110 waɗanda ba sa jin ciwon baya ko kaɗan. A cikin 'yan shekara 20, kashi 37 cikin 100 faifansu ya fara lalacewa. A cikin 'yan shekara 80, kashi 96 ne. Kumburin faifai kuwa daga kashi 30 ya hau zuwa 84. Lafiyayyun mutane fa, masu zuwa gona da kasuwa. Da za a ɗauki hoton duk wanda ke ɗakin nan, da yawanmu za mu fita da takarda mai ban tsoro, alhali da ƙafafunmu muka zo. Yawancin abin da takardar ke lissafawa alamar shekaru ce.

Saboda haka likitan kirki yakan gwada hoton da jikin mai shi. Idan takarda ta ce an danne jijiyar hagu, majiyyaci kuwa dama ke masa ciwo, ba a kama ɓarawon ba tukuna. Jijiyar da aka danne da gaske tana da hali: zafi na sauka daga ɗuwawu ya wuce gwiwa, da sanyin ƙafa ko tsikari. In ta L5 ce, ɗaga babban yatsan ƙafa yakan yi wuya. In ta S1 ce, tsayuwa a kan yatsu ke gagara. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ƙugu ba a iya nuna wani abu guda a ce shi ne sanadi, kuma mafi yawansu kan sami sauƙi cikin makonni shida. Irin waɗannan ba sa bukatar hoto tun farko, kuɗinsa ya fi amfani a wani wurin.

Amma akwai waɗanda jinkiri ke cuta. Wanda fitsari ya ƙi fita ko yake zubo masa ba da saninsa ba, ko ba ya iya riƙe bayan gida, ko tsakanin cinyoyinsa da al'aurarsa suka mutu, ko ƙafafunsa ke ƙara rauni, jijiyoyin ƙarshen laka ne aka matse, kuma tiyatar gaggawa ake yi. A ƙasarmu sai mun ƙara da tarin fuka, domin yana cin ƙashin baya. Ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, da zazzaɓin yamma, gumin dare da rama, a nemi tarin fuka tun kafin ƙashi ya rufta ya bar mutum da ƙusumbi. Yana warkewa da magani. Haka jinkiri ke cutar da dattijon da ke da tarihin sankarar mafitsara, da uwar da ta yi ta nono, da mai sikila, da wanda ya faɗo daga babur. Su ne hoto ya wajaba a kansu, ko a Asibitin Ƙashi na Dala ko a wanda ya fi kusa.

Ga sauran jama'a, maganin farko motsi ne. Kwanciya kwana da kwanaki tana ƙara sandarar da baya. A yi tafiya, a koma aiki sannu a hankali, a je wajen masu gashin ƙashi su koyar da atisayen da ya dace. Ibuprofen da diclofenac suna rage zafi na ɗan lokaci, sai dai mai sha kullum yana wasa da cikinsa da ƙodarsa, musamman mai olsa ko hawan jini. Tramadol kuwa, kun fi ni sanin abin da ya yi wa matasanmu. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamban 2023 kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu ba su goyi bayan ƙwayoyi irin su tramadol ba, haka ma ɗamarar baya da injin jan ƙugu. Allurar da ake yi kusa da jijiya takan ba da sauƙi na makonni, ba ta gyara faifai. Ba zan yi faɗa da wanzamai a nan ba, amma ƙaho da tsaga ba sa isa inda faifan yake, kuma sa yaro ya tattake bayan da ba a san abin da ke cikinsa ba ganganci ne.

Saura tiyata. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne faifan da ya ɓullo yakan janye da kansa, a wajen kusan biyu cikin uku na masu shi, jiki ne ke shanye shi. A ƙasar Holan an raba majiyyata 283 masu ciwon jijiyar ƙafa gida biyu, aka yi wa wasu aiki da wuri, wasu aka jira, aka buga sakamakon a 2007. Waɗanda aka yi wa aikin sun riga samun sauƙi, amma bayan shekara guda kusan duk ɗaya suke. A ganina tiyata ta dace da mai raunin ƙafa da ke ƙaruwa, da wanda zafin ƙafa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa bayan an gwada sauran hanyoyi. Ga mai ciwon baya zalla ba ta da tabbas.

Roƙona gare ku, in an ba ku takardar nan, ku koma wa likitan da ya tura ku, ku tambaye shi ko abin da aka gani ya yi daidai da inda ke muku ciwo, da abin da zai faru in an jira. Wanda kuwa fitsari ya ƙi masa fita tare da ciwon baya, a kai shi asibiti a daren, kada a jira wayewar gari.