Gidauniya da Makarantar Ɗan Talaka a Ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan



An nemi mu yi magana a kan irin taimakon da gidauniyoyi masu zaman kansu, watau waɗanda ba a kafa su don neman riba ba, suke yi wa makarantun gwamnati da malamansu da iyayen yara. Batun yana da faɗi ƙwarai, saboda haka za mu tsaya a ƙasar da yawancinmu muka fito, watau Ikara da Maƙarfi da Kudan, tun daga Malikanci har Hunƙuyi. Dalilinmu shi ne an yi wani aiki a Ƙaramar Hukumar Kudan wanda ya isa a zauna a dube shi da idon basira, ga shi kuwa da yawa daga cikinmu ba su ma ji labarinsa ba.

In aka ce gidauniya, abin da yakan faɗo wa mutum a rai shi ne rijiyar burtsatse da allon suna a gefenta, ko ranar rabon littattafai da jakunkuna, ana ɗaukar hoto. Ba mu raina wannan ba, domin yaron da ba shi da abin rubutu ya san darajar fensir. Amma a ganinmu, taimako mafi girma da wata gidauniya ta yi wa makarantun firamare na yankin nan bai zo a mota ba. Takarda ce aka sa a hannun iyayen yara. Kafin mu bayyana wannan, sai mun fara bin hanyar da kuɗin makaranta yake bi kafin ya iso ƙauye.

A shekarar 1999 ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya na matakin farko, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce a riƙa ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don wannan aiki, amma jiha ba za ta karɓi rabonta na gine-gine ba sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. In kuɗin nan biyu suka haɗu, sai Hukumar Ilmin Matakin Farko ta Jiha, wadda aka fi sani da SUBEB, ta tsara ayyuka, ta ba 'yan kwangila. Takardar kwangila tana faɗin kome dalla-dalla: ajujuwa nawa, buhun siminti nawa, kwanon rufi wane iri, benci nawa, da ranar gamawa. To, jama'a, ku duba tsarin nan da kyau. Abuja ta san abin da ke cikin takardar, Kaduna ta sani, ɗan kwangila ya sani. Mutanen da aka yi aikin dominsu su kaɗai ne ba su sani ba. Sai dai a wayi gari a ga tifa ta sauke yashi a filin makaranta, a yi murna, a yi wa gwamnati addu'a. In an yi alkawarin aji shida aka gina huɗu, wa zai ce an rage? In an bar gini babu rufi damina ta cinye shi, wa za a kai wa ƙara, kuma da wace hujja?

Wani zai ce ai hedimasta yana nan. Gaskiya ne yana nan, kuma sau da yawa ya fi kowa ganin abin da ake yi. Amma hedimasta ma'aikaci ne, yana ƙarƙashin Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma, takarda guda ta isa ta ɗauke shi daga kusa da iyalinsa zuwa ƙauyen da babu hanya. Wanda tuwonsa yake hannun wani ba ya ɗaga murya.

A nan ne Gidauniyar MacArthur ta shigo. Wannan gidauniya tana birnin Shikago ta Amurka, an kafa ta ne da dukiyar wani attajirin kamfanin inshora, John MacArthur, wanda ya rasu a 1978, da matarsa Catherine. Ta buɗe ofis a Nijeriya a 1994, kuma mu ɗaliban jami'a ba baƙonta ba ne, domin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano suna cikin jami'o'i huɗu na ƙasar nan da ta daɗe tana tallafa wa. Daga 2016 sai ta juya akalarta zuwa yaƙi da cin hanci, ta zaɓi kuɗin ilmin matakin farko da shirin ciyar da 'yan makaranta a cikin wuraren da za a sa wa ido, Jihar Kaduna kuwa tana cikin jihohin da aka yi gwajin. Gidauniyar ba ta gina aji ko guda da hannunta ba. Ƙungiyoyin cikin gida ta ba kuɗi, su kuma su bi sawun kuɗin gwamnati.

Ɗaya daga cikinsu ita ce Connected Development, wadda Hamzat Lawal ya kafa, mai shirin nan da ake kira Follow The Money, watau bin sawun kuɗi. Shirin ya samo asali ne a 2012 a garin Bagega na Jihar Zamfara, inda gubar dalma ta wuraren haƙar zinariya ta hallaka yara, aka yi ta alkawarin kuɗin share garin ba a saki ba, sai da aka matsa. A Jihar Kaduna ƙungiyar ta bi ayyukan makarantun firamare 23 a ƙananan hukumomi huɗu, watau Jama'a da Kajuru da Zangon Katab da tamu Kudan, ayyukan da kuɗinsu ya haura naira miliyan 500. Yadda aka yi aikin ba shi da wani sarƙaƙiya. A nemo jerin ayyuka da bayanin kwangila daga hukuma, a kai wa mutanen gari, a koya wa 'yan kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai yadda za su gwada abin da ke rubuce da abin da ke ƙasa, sa'an nan a tara jami'an hukuma da masu gari a zauren taro guda, kowa ya faɗi abin da ya gani.

Lalle ne mu tsaya a kan wannan kwamiti na kula da makaranta, domin shi ne ƙashin bayan al'amarin. Tun wajen tsakiyar shekarun 2000 aka amince kowace makarantar gwamnati ta sami irin wannan kwamiti, wanda ya ƙunshi wakilin mai gari, da malaman addini, da iyaye mata, da tsofaffin ɗalibai, da hedimasta. Shirin ESSPIN na gwamnatin Ingila, wanda ya yi aiki a Kaduna daga 2008, ya sha wahala wajen farfaɗo da su. Amma kwamitin da ba ya riƙe da takarda, taron gaisuwa ne kawai. Ranar da dattijon ƙauye ya iya tsayawa gaban ɗan kwangila ya ce masa an rubuta benci kaza ka kawo kaza, ranar ce kwamiti ya zama kwamiti. Kuma ku lura da wanda ya fi kowa samun sauƙi: malamin makaranta. Maganar da ba zai iya faɗi ba don tsoron sauyin wurin aiki, yanzu uban yaro ne yake faɗinta, shi kuwa ba wanda zai iya yi masa canji daga gonarsa.

Haka batun ciyarwa yake. Waɗanda suka ga shirin ilmi kyauta da aka fara a watan Satumba na 1976 sun san abin da yakan faru in aka buɗe ƙofa ba a shirya ba: an yi tsammanin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka zo. Bayan shekara arba'in, a Janairun 2016, Gwamnatin Jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a kan naira 50 kowane yaro a rana, nan take ajujuwa suka cika suka batse, har gwamnati ta ce yawan yara ya tashi daga miliyan ɗaya da 'yan kai zuwa wajen miliyan biyu. Wannan ya nuna mana abu guda da iyayenmu suka daɗe da sani, watau ba ƙin boko ne yake hana yara da yawa zuwa makaranta ba, yunwa ce da aikin gida. A ƙasar da rake da tumatir da barkono suke neman hannu, yaro ma'aikaci ne, yarinya kuma tallarta ce take haɗa kayan ɗakinta. Amma abinci ma kwangila ne, kuma ana iya rage shi kamar yadda ake rage siminti. Shi ya sa gidauniyar ta ba wasu ƙungiyoyi kuɗi don su koya wa iyaye, musamman mata, sanin abin da ya kamata a zuba wa yaro a kowace rana. Jihar ba ta iya ɗaukar nauyin ita kaɗai ba, shirin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, ita ma ta dakatar da shi a Janairun 2024.

Akwai wani irin taimako dabam a maƙwabtanmu, wanda ya shafi iyali kai tsaye. A Zariya akwai Cibiyar Ilmin 'Ya'ya Mata, wadda ta faro daga haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Kalifoniya, ta kuma sami tallafin gidauniyoyi irin su MacArthur da Asusun Malala. Masu wannan aiki sun fara da sauraron iyaye a ƙauyuka, sai suka tarar cewa uba yakan cire 'yarsa ne sau da yawa domin ta shekara shida tana zuwa makaranta ba ta iya karanta wasiƙa ba, ga kuɗin sakandare, ga tsoron abin da zai same ta a hanya. Sai suka kafa zaman karatu na 'yan mata zalla a cikin gari, da yardar mai unguwa da liman, ƙarƙashin wata malama da aka horar, a koya karatu da lissafi da zaman duniya, a kuma ɗauke wa iyaye kuɗin makaranta. Mun kawo wannan misali ne domin ba a zagi uban yarinya ba, ba a kuma ce masa jahili ba. An amsa masa tambayarsa ne.

Inda muke ganin gidauniyoyi sun fi rauni shi ne wajen malamai. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun kasa, ta sallame su, Ƙungiyar Malamai ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Kowa yana da ra'ayinsa a kan wannan al'amari, kuma akwai gidajen da har yau ba su farfaɗo ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne babu gidauniyar da za ta iya ɗaukar malami dubu ashirin, ko ta biya albashinsu, ko ta gyara kwalejin da ta horar da su. Wannan nauyin gwamnati ne, kuma duk wanda ya ce mana baƙi za su ɗauke shi, yaudararmu yake yi.

Yanzu ga abin da ya sa muka ce batun nan ya shafe mu kai tsaye. Shirin MacArthur na yaƙi da cin hanci a Nijeriya ya ƙare a 2024. Makarantu 23 ne aka bi a ƙananan hukumomi huɗu, alhali jihar tana da ƙananan hukumomi 23 da makarantun firamare fiye da 4,000. Ikara da Maƙarfi ba sa cikin huɗun nan. Aikin kuwa ba ya bukatar dala. Yana bukatar wanda ya iya karanta takardar kwangila da Turanci ya fassara ta da Hausa a ƙofar gidan mai gari, kuma a garuruwanmu wannan mutum mu ne. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan takardu, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Yayyenmu da ke ofis, ku ne takardar neman bayani za ta zo teburinku. Akwai mai cusa ta ƙarƙashin fayil har wa'adi ya wuce, akwai mai sa mata hannu ta wuce gaba, kuma yaran da za su zauna a ƙasa ko a kan benci ƙannenku ne.

Ba kuma dole ne gidauniya ta fito daga Shikago ba. Muna da wakafi a addini, muna da gayya a al'ada, muna da fataken rake da mazarƙwaila a Maƙarfi waɗanda motocinsu suke kaiwa ko'ina a ƙasar nan. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta kowace firamare za ta iya buɗe asusu ƙarami, ba don ta gina abin da gwamnati ta riga ta ware wa kuɗi ba, sai don kuɗin motar 'yan kwamiti zuwa Hunƙuyi ko Kaduna, da kuɗin buga takardu, da kuɗin jarrabawar marayu. Sharaɗin dai shi ne a karanta lissafin asusun a bainar jama'a kowane zango, domin wanda zai bi sawun kuɗin gwamnati dole nasa littafin ya kasance a buɗe.

Muna roƙon shugabannin wannan ƙungiya su raba mu gunduma-gunduma kafin hutun da ke tafe. 'Yan Paki da Pala da Saulawa, 'yan Gimi da Gazara da Gubuci, 'yan Likoro da Doka da Ƙauran Wali, kowa ya je firamaren da ya yi, ya gai da hedimasta, ya tambayi yara nawa ne a rajista, malamai nawa, yaushe kwamiti ya yi zamansa na ƙarshe, kuma wane aiki aka ce an ba makarantar a bana. Mu rubuto amsoshin, mu kawo wa editan wannan mujalla a makon farko na dawowa.