Wa zai ɗauki kotso?

Daga nan Runjin Sambo. Yau kan kiɗa za mu tattauna.

Ku duba bukukuwanmu na Sakkwato yanzu. Mawaƙi ya zo da filashi, DJ ya saka, shi ko yana ta motsa baki. Ba makaɗi, ba 'yan amshi. Alhali yankin ga shi ya fitar da Narambaɗa da kotsonsa, da Salihu Jankiɗi mai taushin Sarkin Musulmi, da Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991. Gaban jama'a sunka koyi sana'a, in hannu ya kuɓuce kowa ya ji.

Matasanmu na da murya, wurin gwadawa ne babu. Ƙaramin fili ya isa: janareta, lasifika biyu, a tashi kafin magariba kada a takura maƙwabta. Mai fiyano ya zauna kusa da mai kalangu, kuɗin shiga su tafi aljihun makaɗa.

In kana da biki tafe, tambayi mawaƙin: da makaɗanka za ka zo? Tambayar nan kaɗai tana iya sama wa mutum biyar aiki.